Na'urar RTL-SDR: ko ta cancanci kuɗinta ga mai koyon nazarin sigina?

Na'urar RTL-SDR ba ta fi filasha girma sosai ba, kuma asali an ƙera ta ne domin kallon talabijin a kwamfuta. A shekarar 2012 ne labari ya bazu tsakanin masu sha'awar rediyo cewa guntun lantarkin da ke cikinta, wato RTL2832U na kamfanin Realtek, yana iya miƙa wa kwamfuta ɗanyen sigina yadda ya zo daga iska. Ana soka ta a kafar USB, a ɗaura mata eriya, sai ta riƙa kamo abin da ke tsakanin kusan MHz 24 zuwa sama da MHz 1,700.

Ga mai rubuta manhaja don nishaɗi, amfaninta ya wuce sauraro. A nan Birnin Kebbi na rubuta 'yan layuka da Python, harshen rubuta manhaja, na ɗora siginar a kan lissafin Fourier mai sauri, wato dabarar rarraba sigina zango-zango, wanda masana Cooley da Tukey suka wallafa a 1965, sai ga tashar FM ta fito a allo a matsayin tsauni guda mai motsi, yana buɗewa idan mai gabatarwa ya ɗaga murya, yana tsukewa idan ya yi shiru. Na'urar tana auna sigina sau miliyan 2.4 a daƙiƙa ba tare da tangarɗa ba, wanda ya ishi ɗalibi ya koyi tace hayaniya da fitar da murya da hannunsa. Haka kuma jiragen sama suna shelar matsayinsu a kan MHz 1090, kuma wayar tagulla mai tsawon kusan santimita 7 ta isa eriya, ko da yake zirga-zirgar jirage a sararinmu ba ta da yawa, don haka sai an yi haƙuri.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Mutanenmu sun saba da gajeren zango, inda ake kama sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, amma yawancin tashoshin nan suna ƙasa da MHz 24, saboda haka samfurin mai araha marar suna, irin wanda na fara da shi, ba ya jin su ko kaɗan sai an ƙara masa na'urar ɗaga zango. Yana kuma ɗaukar zafi, kuma a ranakun Afrilu zangon da aka saita yakan goce a hankali. Cajar waya da inbata su ma suna cika allo da hayaniya, abin da kan ragu idan aka cire kwamfutar daga wuta aka bar ta a kan batir.

Karɓa kawai take yi, ba ta aika sigina. Wanda zai saya ya nemi mai gidan ƙarfe, mai ɗauke da TCXO, wato ɗan guntun lantarki da ke hana gocewar zango idan ta yi zafi, kuma ya tabbatar daga bakin mai sayarwa cewa tana kama gajeren zango.