Haddar kalmomi ɗai-ɗai ko haddar jimloli: wanne zai fi yi wa mai koyon Italiyanci rana?

Wata 'yar'uwa a wannan zaure ta ce nan da wata huɗu za ta bi maigidanta zuwa birnin Torino na ƙasar Italiya, kuma tana son sanin ko ta duƙufa kan haddar kalmomi ɗai-ɗai daga manhajar waya, ko kuwa ta kama jimlolin yau da kullum ta haddace su a dunƙule. Hajiya, a ganina jimlolin ya kamata ki sa a gaba, amma kowace hanya tana da inda take ciyar da mutum da inda take barinsa a tsaye.

Haddar kalmomi tana da sauri, kuma ita ke buɗe wa mutum ido ya karanta allon tashar jirgi ko takardar magani. Masanin harshe Tullio De Mauro ya nuna cewa kalmomi kimanin 2,000 ne ke ɗauke da mafi yawan abin da Italiyawa ke faɗa da rubutawa, kuma wannan ba abin da ya fi ƙarfin mai himma ba ne. Sharaɗin kawai shi ne kada ki haddace suna ba tare da alamar jinsinsa ba. Bahaushiya ta riga ta saba da jinsin namiji da na mace a kalma, sai dai lissafin nasu ba ya bin namu: rana da muke ce wa "ita" a wurinsu namiji ce, il sole, wata kuwa mace, la luna. Kalmar da ta ƙare da -a galibi mace ce kamar a Hausa, amma il problema, wato matsala, ya saɓa, domin namiji ne. Inda muka ci riba sosai shi ne shadda, domin kunnen da ya bambance baba da babba ba zai rikita sete, wato ƙishirwa, da sette, wato bakwai, ba.

Raunin haddar kalmomi yana bayyana ne a gaban mai kanti. Wadda ta haddace voglio, "ina so", za ta furta shi da zuciya ɗaya, alhali a kunnen Ba'italiye ya yi kama da umarnin yaro mai rigima, kuma vorrei, "zan so", ake cewa. Haka kalmar permesso: a jerin kalmomi "izini" kawai za ki gani, kamar a permesso di soggiorno, takardar izinin zama, amma ita ce kuma "gafara dai" da ake yi a cikin cunkoson bas, kuma ita ce sallamar shiga gidan mutane.

Jimla kuwa tana zuwa ɗauke da ladabinta. Idan kika haddace "Scusi, può ripetere?", wato "yi haƙuri, a maimaita mini", kin riga kin yi amfani da sigar girmamawa ta Lei, wadda ke aikin "ku" da muke yi wa manya, tun kafin ki san nahawunta. Za ki kuma gane cewa ciao ta ƙawaye ce da yara, ba a shiga ofishin 'yan sanda ko gaban likita da ita, sai buongiorno. A kasuwa "Vorrei due etti" na nufin giram 200, domin etto ɗaya giram 100 ne. Ga Musulma kuma akwai tambayar da ba za a jinkirta ba: "C'è maiale dentro?", wato ko akwai naman alade a ciki, tare da kalmar strutto, kitsen alade, da ake sa wa wasu nau'o'in burodi. Matsalar wannan hanya ita ce, kina iya yin tambaya tiryan-tiryan, a ba ki amsa da gudu, ki rasa kalmar da za ki kama ko ɗaya.

Saboda haka ki ba jimloli wata biyun farko, kina ciro kalmomin da ke cikinsu kina sauya musu gurbi, sannan ki faɗaɗa haddar kalmomin. Da kin sauka, ki nemi makarantar manya ta gwamnati da ake kira CPIA, domin ana neman shaidar iya Italiyanci a matakin A2, wato na biyu daga ƙasa, kafin a ba da izinin zama na dogon lokaci, kuma tun 2018 ana neman B1, matakin da ke gaba da shi, ga mai son zama ɗan ƙasa.