Anki da kalmomin Turanci: ta dace da ɗan mutawassiɗ?

Yaron Bahaushe da ke aji ɗaya zuwa uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, a Makka ko Jidda harsuna uku yake fama da su: Hausa a gida, Larabci a makaranta da titi, ga kuma Turanci da ake jibga masa sababbin kalmomi a kowane darasi. Hadda ba ta ba shi wuya, riƙewa ce aiki. Abin da ya iya daren jarrabawa, kafin mako biyu ya bi iska. Wannan ɓarakar ce manhajar Anki take toshewa, kuma ita kaɗai ce aikinta.

Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006. Kyauta ce a kwamfuta, haka ma AnkiDroid ta wayoyin Android. Ta iPhone kuwa, AnkiMobile, sai an biya kimanin dala 25, wato wajen riyal 100, sau ɗaya. A kula wajen saukewa, domin akwai wasu masu kama da sunan da ba su da alaƙa da ita, suna karɓar kuɗin wata-wata.

Da katuna Anki take aiki, kowane kati mai gaba da baya. Yaro ya ga kalma, ya faɗi ma'anarta, ya buɗe amsa, sannan ya danna ɗaya daga maɓallai huɗu: Again, Hard, Good, Easy. Wadda ya sani sai ta yi nisa, yau kwana ɗaya, gaba kwanaki, har ta kai watanni. Wadda ta kuɓuce masa za ta dawo cikin 'yan mintuna. Duk wanda ya san tilawar mahaddata ya gane tsarin: inda ake tuntuɓe nan ake yawan komawa.

Inda iyaye suke fara kuskure shi ne barin saitin yadda ya zo. An saita ta a kan sababbin katuna 20 kullum, kuma jagorar manhajar da kanta ta ce wannan zai kai mutum ga bitar katuna kusan 200 a rana. Ɗan shekara 13 ba zai jure ba. A mayar da shi 5 zuwa 8, bitar ba za ta wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Kalma biyar kullum ta haura 1,800 a shekara, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma katin kansa. Akwai dubban katuna da wasu suka haɗa, ana saukewa kyauta, amma yawancinsu ba su bi manhajar karatun Saudiyya ba. Gara yaro ya buɗe littafinsa na Turanci, Super Goal, ya ciro kalmomin darasin makon da hannunsa. A gaban kati a rubuta gajeriyar jimla mai ɗauke da kalmar, a baya a sa ma'ana ɗaya tak. Kalma tsurarta tana ruɗarwa: book littafi ne, amma a book a ticket kama tikiti ake nufi, don haka kati biyu ne. Ma'anar kuwa a rubuta ta da Larabci tunda da shi malami zai tambaya, a ƙara Hausa a ƙasa in Larabcin bai zauna ba. Borrow da lend, misali, duk "aro" yaro zai ce, sai an rubuta masa "ya aro" da "ya ara wa" kafin ya bambance. In rubutun Larabcin ya hargitse, akwai wurin da ake juya layin ya fara daga dama a saitin gurbin da ake rubuta ma'anar.

Kada a bar sauti. Yaranmu sun haɗa tangarɗa biyu: Larabci ba shi da p, sai park ta koma bark, Hausa kuma tana cakuɗa p da f, sai pan ta koma fan. Anki tana karɓar murya, ana iya naɗa ta kai tsaye a kan katin.

Aibinta a fili yake. Fuskarta a bushe take, babu wasa, babu kyaututtuka irin na manhajar koyon harsuna ta Duolingo, saitin farko kuma sai babba ya zauna ya yi. Ba ta koyar da nahawu ko magana. Ta kuma dogara da gaskiyar yaro: in yana danna Hard alhali mantawa ya yi, manhajar za ta ɗauka ya ci, ta ƙara nisanta katin. Mantuwa Again ce, a nanata masa. Kalmar da ya manta sau 8 manhajar tana sa mata alama, in an saita ta haka kuma ta jingine ta. A sake mata jimla mai sauƙi a dawo da ita.

Hutu ne yake kashe yawancin masu amfani da ita. A bar ta kwana goma lokacin Hajji, katuna za su taru tuli. In haka ta faru, a mayar da sababbi sifili har sai an biya bashin. Da azumi kuma a tuna sabuwar ranarta ƙarfe 4 na asuba take farawa; yaron da yake bita bayan sahur, a matsa masa lokacin zuwa 6 ko 7 a saiti, kada ranakun su cakuɗe masa.