Hitar sola a Kano: wacce za ka saya, kuma ta yaya za ka gane tankin jabu

Duk wanda ya taɓa tashi alwalar asuba a watan Janairu a Kano, ya murɗa famfo ruwan tankin sama ya zubo masa kamar ƙanƙara, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ni abin da ya tura ni neman hitar sola, wato mai ɗumama ruwa da zafin rana, Hajiya ce, mahaifiyata, da gwiwarta ba ta shiri da ruwan sanyi, sai kuma uwargida da ta haihu a tsakiyar hunturu aka shiga wankan jego. Kafin a yi arba'in, kuɗin itace da gas ya sa na zauna na yi lissafi.

Lissafin ba wuya. Ɗumama ruwa lita 200 daga ma'aunin zafi 20 zuwa 60 yana cin wuta kusan yunit 9. A farashin wutar Band A da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sama da naira dubu biyu ke nan kullum, in ma wutar ta zo a lokacin da kake so. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita kyauta, ko a cikin hazo tana ɗumama ruwa, sai dai ta ɗan rage ƙarfi.

Wasu za su ce ai suna da sola a gida, su jona hitar lantarki a inbata kawai. Kada ka fara. Hita mai wat 1,500 za ta tsotse batirinka kafin a kira assalatu, kuma farantin sola kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wuta, alhali hitar sola tana kama fiye da rabi ta zuba shi cikin ruwa kai tsaye. Baƙin tanki ko baƙin tiyo a kan rufi kuma zafinsa na azahar ne, da asuba ya huce. Akwai hitar sola mai shimfiɗaɗɗen faranti da gilashi ɗaya a sama, tana da ƙwari, amma iskar hunturu tana kwashe mata zafi, kuma in gilashin ya fashe aiki ya zama babba.

Ni tawa ita ce mai jerin bututun gilashi da tanki kwance a samansu. Kowane bututu gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar yadda ake yin fulas ɗin shayi. Shi ya sa zafin da ya shiga ba ya samun hanyar fita. Ruwan da ya yi zafi yana hawa tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro, babu injin, babu waya, babu batir. Girman da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai faɗin milimita 58 da tsawon mita 1.8, kuma ana ƙiyasta bututu ɗaya ga lita 10, wato bututu 20 ga lita 200. Wannan ya ishi gidan mutum biyar ko shida in ba masu ɓarnar ruwa ba ne. Aibinta guda: ruwan yana cikin bututun ne, saboda haka in yaran maƙwabta suka jefo dutse ko ƙwallo ɗaya ya fashe, tankin zai tsiyaye tas. Ka sayi biyu ko uku ka ajiye tun ranar farko. Akwai 'yar'uwarta mai sandar tagulla a cikin bututu, wadda ruwa ba ya shiga gilashinta kuma tana jure matsin injin famfo. Ta fi tsada, kuma in da bokiti ake wanka a gidanku ba ka da bukatarta.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Ta farko da na saya, mai shagon ya rantse mini cewa cikin tankin ƙarfe ne mara tsatsa lamba 304. Har maganaɗisu ya ɗauko ya manna, ya ce, "Alhaji ka gani, bai kama ba." Shekara ɗaya da rabi ruwa ya fara fitowa ja-ja, daga baya walda ta buɗe, tanki ya riƙa ɗiga ta ƙasa. Da mai gyaran famfo ya buɗe, ashe lamba 201 ce, mai ƙarancin sinadarin nikel, wadda ruwan zafi, balle na rijiyar burtsatse, yake cinyewa a hankali. Gwajin maganaɗisu yaudara ce, domin 201 ɗin ma yawanci ba ta kamawa. Ka haska fitila ta ramin bututu ka duba waldar ciki da idonka, ka nemi tambarin SUS304, ka tambayi kaurin ƙarfen, kada ya gaza milimita 0.4. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a ƙarfe, a kan 201 yana komawa ja. In ka samu ka tafi da shi. Sannan a rubuta maka lambar ƙarfen da shekarun garanti a rasit. Wanda ya ƙi rubutawa, ka bar masa kayansa.

Cutar ba ta tsaya nan ba. Wasu suna haɗa ruwan da ke cikin bututu su ƙirga shi cikin girman tanki, ka biya kuɗin lita 200 ka tafi da abin da bai kai ba. Wasu sun rage kumfar riƙe zafi da ke tsakanin bangon tankin, wadda ya kamata ta kai kusan milimita 50. Alamarta, ka taɓa jikin tankin da daddare ka ji ɗumi, zafinka ne yake gudu. Ka kuma juya kowane bututu ka dubi gindinsa. In yana ƙyalli kamar azurfa lafiyarsa lau. In ya yi fari kamar alli, iska ta shiga, ya mutu, ko da bai tsage ba. Kada ka yarda a ɗaure maka kwali a shago ba ka duba ɗaya bayan ɗaya ba.

Wajen kafawa, ta fuskanci kudu, domin Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma da hunturu rana ta kudu take karkata. Tankin sama ya fi ta tsayi, in ba haka ba ruwa ba zai shiga ba. Cike da ruwa nauyinta ya haura kilo 250, don haka a ɗora ta a kan dekin ko ƙafar ƙarfe, ba katakon rufin kwano ba, a kuma ɗaure ta saboda guguwar farkon damina. A layin ruwan zafi a sa bututun PPR, wanda za ka samu a Ƙofar Ruwa, na PVC laushi zai yi ya lanƙwashe. Kada a toshe bututun numfashin tankin. Kada a zuba ruwan sanyi cikin bututun da ya sha rana babu ruwa, fashewa zai yi. A cika da sassafe. A watan Afrilu ruwan yana kusan tafasa, a sa famfon gauraya saboda yara. Ƙura kuma, tsumma da ruwa sau ɗaya a mako.

Masu wurin ninƙaya a gida, irin na Nassarawa GRA, ko masu otal, wannan hitar ba taku ba ce. Ma'aunin zafi 26 zuwa 28 kawai kuke bukata, kuma sinadarin kulorin yana cin tagulla da ƙarfe. Naku baƙar tabarmar roba ce mai ƙananan hanyoyin ruwa, ba gilashi, injin tace ruwan ne yake tura ruwa cikinta, faɗinta daga rabin faɗin ruwan zuwa kwatankwacinsa. Amma kafin ita ku fara sayen murfin wurin ninƙayar. Mafi yawan zafin ta tururi yake tashi, kuma busasshiyar iskar hunturu ba abin da ta iya kamar shanye ruwa. Ku rufe da magariba, ku buɗe lokacin shiga, ku ga mako biyu tukuna kafin ku yanke girman tabarmar da za ku saya.