Taswirar tsohuwar Sahara: ta ci kuɗinta, amma da saura

'Yan uwana malaman tarihi, akwai wata taswirar bango da na saya wa ajina a wani shagon littattafai a Sabon Gari. Rabinta Saharar yau ce, ɗaya rabin kuma Sahara ce shekaru kamar 8,000 da suka wuce, lokacin da take da ciyawa da koguna da dorinar ruwa. An rufe ta da leda, ƙurar hunturu ba ta yi mata komai, tsumma mai laima ya isa.

Inda ta fi ƙarfi shi ne Tafkin Chadi. An zana shi da girmansa na da, wajen murabba'in kilomita 350,000, gaɓarsa tana taɓa inda Maiduguri da Bama suke yanzu. Yaran da ba sa ɗaga kai in ana darasi, ran nan sai da suka taso suka kewaye allo.

Ta kuma yi wa Gobero adalci, wato maƙabartar nan da aka gano a hamadar Tenere ta Nijar a 2000. Masunta ne suka fara zama a bakin tafkin wurin. Fari ya kore su wajen shekara ta 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wurin ya yi kusan shekara 1,000 babu kowa. Da ruwa ya dawo wasu mutanen daban suka zo, su ma suka watse wajen 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da tafkin ya ƙafe gaba ɗaya. Dalilin ma an bayyana shi a gefe: yadda duniya ke kewaya rana ya riƙa sauyawa sannu a hankali, iskar damina ta raunana, ruwan sama ya ja baya zuwa kudu.

Abin da ya ɓata min rai, babu Dufuna. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono a ƙauyen Dufuna na Yobe a 1987 yana haƙa rijiya, mai shekaru kusan 8,000, ko ɗigo ba a sa masa ba! Kibiyoyin ƙaura kuma duk Kogin Nilu suka nufa, alhali wasu kudu suka yo. Misali, mutanen Gajiganna, wani ƙauye da aka tono kayan tarihinsu, sun zauna a Borno tun wajen 1800 kafin Annabi Isa (AS). Da alƙalami na ƙara su da kaina.

Rubutun Turanci ne, ƙanana ƙwarai, na bayan aji ba ya gani. Duk da haka ku saya, amma ku rataye ta daidai idon yara, ku kuma tanadi bayanin Dufuna kafin ku shiga aji.