Montesa Cota 4RT 260 na hannu: injin bai ba ni wahala ba, laka ce ke ba ni aiki

Babur ne da ba shi da wurin zama. Tankinsa lita 2 ne ko ƙasa kaɗan, nauyinsa wajen kilo 73, kuma a tsaye ake tuƙa shi daga farko har ƙarshe. An ƙera shi ne don wasan tirayal, wasan da ba a tseren gudu a cikinsa. Ana shata wani ɗan yanki mai duwatsu, ko gangare, ko cikin rafi, a ce ka ratsa shi ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Ka sa ƙafa sau ɗaya, alƙalin wurin ya rubuta maka maki 1. Sau biyu, maki 2. Sau uku ko fiye, maki 3. In ka faɗi ko ka fita daga shata, maki 5. Mai ƙarancin maki shi ne gwani.

A yankin Yorkshire na arewacin Ingila nake zaune, kuma nan wasan ya yi jijiya sosai. Gasar Scott tun 1914 ake yin ta a wannan yanki, kuma Dougie Lampkin, wanda ya riƙe kambun duniya shekara bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003, ɗan garin Silsden ne. Ƙananan ƙungiyoyi kan shirya wasa a ƙarshen mako a gonakin tumaki da tsoffin wuraren fasa dutse, kuma a nan nake hawan nawa, a rukunin masu yi don sha'awa. Na saye shi na hannu, na yi lokacin sanyi da lokacin zafi a kansa, don haka abin da zan faɗa abin da hannuna ya taɓa ne.

Montesa kamfanin Kataloniya ne a ƙasar Sifaniya, an kafa shi a 1944, daga baya ya koma ƙarƙashin Honda. Ana harhaɗa wannan babur a kusa da Basalona. Samfurin 4RT ya fito ne a 2005, mai lamba 260 kuma a 2014, kuma a kan danginsa na gasa Toni Bou yake lashe kambun duniya tun 2007. Wannan tarihi kan ja mai saye, amma ni ba shi ya ja ni ba. Yawancin baburan tirayal, irin su Beta Evo da GasGas TXT da Sherco da ake gani a filin wasa, injinsu mai bugu biyu ne, wanda ake haɗa masa fetur da mai. Na 4RT mai bugu huɗu ne, ba shi da kafireto, na'ura ce ke fesa masa mai. Ni mutum ne mai aiki da iyali, ranar Lahadi kaɗai nake da ita, kuma ba na son in ɓatar da ita wajen kwance kafireto.

Ta wannan fuskar ya cika alkawari. Ko ana ƙanƙara ko ana rana, yadda ya amsa totur jiya haka zai amsa yau. A kan jiƙaƙƙen dutse, inda ɗan ƙarin wuta kaɗan ke sa tayar baya ta yi ta juyawa a banza, wannan daidaito shi ne abin da na fi yaba masa.

Sai dai tayar da shi yana da ƙa'ida, kuma a nan ne ake yawan yi masa ƙazafi. Mu da muka taso da Jincheng da Boxer mun saba mu buga kik da ƙarfi muna murza totur. Wannan babur ba ya son ko ɗaya. Ba shi da batir. Bugun kik ɗin nan shi ke samar da wutar da za ta tayar da famfon mai da ke cikin tanki da kuma ƙaramar kwamfutar injin. Saboda haka abin da yake buƙata shi ne taki mai tsawo, daga sama har ƙasa, a natse, hannu kuma ya bar totur gaba ɗaya. Ni nakan ɗora hannun dama a kan ƙarfen kan babur don kada ya murza ba da sanina ba.

Abu na biyu shi ne silo. An tsara injin ya yi silo a juyi 1,800 a minti ɗaya. Ga kunnen wanda ya saba da mai bugu biyu, wannan ya yi sama, sai ya kama sukurun silo ya rage shi don babur ya yi laushi. Daga ranar sai tashi ya zama rigima, musamman in injin ya yi zafi. Haka na karɓi nawa daga hannun mai shi na farko, wanda ya gaya mini da gaskiyarsa cewa baburin na da taurin tashi. Na sayi ɗan agogon nan mai ƙirga awoyin inji da juyinsa, wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi, na bar injin ya ɗumama, na mayar da silo inda ya dace. Taurin tashin ya tafi. Duk wanda ya ce maka 4RT ɗinsa na ƙin tashi, tambaye shi silonsa nawa kafin ka fara zargin famfo ko kwamfuta. In kuma baburin ya faɗi, akwai na'urar da ke kashe injin idan ya kwanta. Tsofaffin hannu sun koya mini in buɗe totur duka in taka kik kamar sau biyu, sannan in saki totur in taka yadda aka saba. Yana yi mini aiki.

Man inji da man giya a rabe suke, kowanne da ramin zubawarsa. Na inji bai kai rabin lita ba, na giya ya ɗan haura rabi. Mai kaɗan irin wannan ba ya jure a manta da shi, don haka agogon awoyin nan ya sake yin amfani: da shi nake sanin lokacin juye, ba da kalanda ba. Filtar man tana bayan murfin injin na hagu, sai an kwance farantin ƙasa, wanda ke kare cikin inji daga dutse, an cire murfin kafin a kai gare ta. Aikin na son natsuwa, kuma ka tanadi sabon gasket kafin ka taɓa noti ko ɗaya. A ɓangaren giya kuwa, Elf HTX 740 aka fi ambata, mai ne marar kauri, kuma da shi kulocin nawa ya fi sakin hannu da safe. Wata ɗabi'a da baburan tirayal da yawa ke da ita: in sun kwana biyu a ajiye, fayafayan kuloci kan manne. Ka riƙe birkin gaba sosai, ka fuskanci fili, kafin ka sa giya ta farko.

Iyakar abin da injin ya nema daga gare ni ke nan, sai duba bawul jefi-jefi. Aikin gaske yana ƙasa, inda laka take.

Lakar Yorkshire baƙa ce, mai danƙo, haɗe da yashi, kuma rabin wasan a cikin rafi ake yin sa. Inda ta fi yi wa ɓarna shi ne boris ɗin da ke cikin ƙarafan da suka haɗa shokazoba na baya da ƙafar babur. A can ƙasa suke, suna shan ruwa, suna shan dukan dutse, ba wanda ke ganinsu. Da na kwance na baburin nan bayan saye, giris ɗin ya zama busasshiyar ƙasa, alluran boris sun yi tsatsa. Na canza su. Wasu masu araha da na fara samu a intanet, marasa sunan kirki, ba su yi wata rayuwa ba kafin su fara girgiɗi, sai na koma ga masu inganci da giris mai jure ruwa. Gwajin ba wuya: ɗora baburin a kan akwati, ka kama tayar baya ka ɗaga ta sama a hankali. In ka ji ta motsa kafin shokazoba ya fara aiki, lokaci ya yi. Ka girgiza tayoyin biyu hagu da dama don jin boris ɗin wili, ka riƙe birkin gaba ka tura don jin na wuya.

Injin wanki mai feshin ƙarfi shi ne abokin laka a wannan ɓarna. Yana fitar da babur fes, amma yana tura ruwa ya wuce robar da ke kare boris. Ina amfani da shi a kan tayoyi da farantin ƙasa kawai, sauran jikin kuma tiyo da buroshi. Ina toshe bakin salansa kafin wanki, bayan wanki in tayar da injin ya yi zafi ya busar da kansa, sannan in sa wa sarƙa mai. Iyakilina soso ne, ina da guda biyu, ɗaya a babur ɗaya a wanke an shafa masa mai yana jira. Lagireto ƙarami ne kuma baburin ba ya gudun da iska za ta sanyaya shi, fanka ce ke riƙe da shi. In laka ta toshe ramukan lagireto, ko ka lura fankar ba ta tashi bayan injin ya yi zafi, tsaya a nan.

Akwai wani wuri da mutane ba su cika kula da shi ba: robar da ke tsakanin farantin ƙasa da cikin inji. Farantin nan shi ke karɓar duka duk lokacin da ka ɗora babur a kan dutse. A hankali yakan lanƙwashe, robar ta lallatse, har ƙarfe ya fara taɓa ƙarfe. Ranar da ka sauka da ƙarfi, jikin injin ne zai tsage. Kuɗin robar bai taka kara ya karya ba. Idan kuma babur ya nutse a rafi har ya mutu, kada ka taka kik. Cire fulogi, fitar da ruwan, duba akwatin iyakilina, kuma in mai ya koma fari-fari a juye shi kafin a ci gaba.

Taya kuwa, wanda bai san wasan ba zai ɗauka faci ta yi. Iskar baya wajen 4 ce a ma'aunin psi, ta gaba wajen 6. Da wannan laushin ne tayar ke rungumar dutse. Gejin iskar mota ba ya karanta wannan ƙanƙantar daidai, sai ka nemi na musamman mai tsayawa a 15. Bambancin rabin psi kana jin sa a ƙafarka. Michelin X11 nake sawa a tayar baya, wasu abokan wasa sun fi son Dunlop D803. Idan bakin haƙoran tayar ya dakushe ta gefe ɗaya, akan juya ta a ci ɗaya gefen, kuma na yi hakan na ga amfaninsa. Tayar baya ba ta da tub, don haka igiyar faci da ɗan famfon hannu ba sa barin jakata.

A kayan jiki, takalmi ne na fi ba muhimmanci, domin da tafin ƙafa ake jin abin da babur ke yi. Na masu tseren babur a filin turɓaya ya yi tauri, idon sawu ba ya lanƙwasa a cikinsa. Gaerne Balance nake sawa, na fata, tafinsa na kama jiƙaƙƙen dutse idan ana zagaya shata a ƙasa kafin a shiga, kuma in ana shafa masa man fata yana daɗewa. Hular kwano ta tirayal a buɗe take ta gaba, marar nauyi, don ka ga tayar gabanka kuma ka sha iska, tunda gumi ake yi ko a tsakiyar sanyi. Safar hannu siririya. Kariyar ƙwauri da gwiwa ba abin wasa ba ce, haƙoran matakin ƙafa suna yanka. Ina kuma sa kariyar gadon baya, don faɗuwar wannan wasa sau da yawa ta baya ce, a kan dutse. Sai igiyar maganaɗisu da ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai kashe injin da zarar ka rabu da babur. Na ga babur ya kuɓuce wa mai shi totur a buɗe ya nufi inda 'yan kallo suke, da yara a cikinsu. Ba na hawa ba tare da ita ba ko a wurin atisaye. Ƙaramar dabara kuma: kada ka ɗaure maƙalan hannun birki da na kuloci tamau. Bar su yadda in ka faɗi za su juya maimakon su karye.

Game da fetur, tun Satumbar 2021 E10, wato fetur mai haɗin sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, ya zama fetur na yau da kullum a Birtaniya. Ni E5 nake saye, wanda etanol ɗinsa bai wuce kashi 5 ba, saboda baburin kan yi kwanaki a ajiye, sinadarin etanol kuma yana jan ruwa.

To wa zan ba shawarar ya saya? Ba kowa ba. Ya fi masu bugu biyu nauyi, waɗanda galibinsu ba su kai kilo 70 ba, kuma kilo huɗu ko biyar ɗin nan kana jin su da yamma, lokacin da hannu ya mutu kana jan babur daga cikin kwari. In ka saki totur injin yakan riƙe babur da kansa, abin da ke taimako a gangare amma yake buƙatar sabo a lungu mai matsi, sai yatsanka ya zauna a kan kuloci. Ƙararsa ma ta fi tafiya nesa, abin lura ne ga mai atisaye kusa da gidajen mutane. Matashi mai son tsalle-tsalle da ɗaga taya a wuri ɗaya zai fi jin daɗin mai bugu biyu. Mai neman abin zagaya daji a zaune kuma ya duba Montesa 4Ride, ɗan'uwansa mai wurin zama. Amma magidanci mai son ya hau ranar hutu, ya wanke, ya shafa giris, ya ajiye, ina ganin da wuya ya samu wanda ya fi wannan kwanciyar hankali.

In za ka sayi na hannu, ka roƙi mai shi kada ya tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi, ka ga yadda zai tashi. Ka jira fanka ta kunna kanta. Ka durƙusa ka leƙa tsakanin farantin ƙasa da inji, ka ɗaga tayar baya ka ji boris, ka buɗe akwatin iyakilina ka ga ko akwai ƙasa a bayan soson. Sannan ka tambaye shi yaushe rabon da a canza filtar mai, ba man kawai ba.