Kafin ka sayi labarin kimiyya mai taɓa zuciya

Littattafan da ke haɗa ƙagaggen labarin kimiyya da rayuwar iyali kala uku ne, kuma bango ba zai faɗa maka wanne ka ɗauko ba.

Akwai wanda marubucinsa ya fi son inji a kan mutane: shafi goma kan yadda kumbo ke shan mai, matar matuƙin kuwa ko sunanta ba za ka riƙe ba. Akwai kuma soyayya zalla da aka sa wa rigar 'yan sama jannati, ko ka cire kumbon ka sa mota labarin yana nan yadda yake. Duka biyun ka wuce su.

Na ukun, wanda nake so, shi ne wanda kimiyyar ce da kanta ke jawo ɓacin ran. Saƙo tsakanin Duniya da duniyar Mars yakan ɗauki minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a lokacin. To uba yana can, 'yarsa tana kwance a asibiti a nan. Ya ce mata “Ya jikin?”, ya zuba wa allo ido, wataƙila sai bayan minti 44 amsa ta dawo. Wannan zaman jiran kaɗai ya isa ya riƙe littafi. Haka abin da masanin kimiyya Einstein ya bayyana a 1905, cewa lokaci na tafiya a hankali ga mai gudu kusa da saurin haske: matafiyi ya dawo da ƙuruciyarsa, ƙaninsa ya yi furfura.

Na taɓa sayen irinsa, rabin farko har hawaye ya sa ni. Da marubucin ya rasa mafita sai ya ƙago wata na'ura da ta kawar da jinkirin saƙon dare ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga shi har yau ina son mutanen cikinsa. Shi ya sa yanzu tsakiyar littafi nake fara buɗewa, in ga ko dokar da aka kafa a babin farko tana nan.

Sai jabu, wanda ya fi komai ci mini rai. Bugun sata ana gane shi da tawada mai dishi-dishi, da shafukan da aka maimaita ko aka tsallake, da gam mai saki tun buɗewar farko. Duba lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, wadda tun 2007 take da lambobi 13, ka neme ta a intanet. In wani suna daban ya fito, ajiye shi. A intanet kuma ga littattafan da ƙirƙirarriyar basira ta zubo: marubuci ɗaya da littattafai barkatai cikin wata guda, yabo duk tauraro biyar kuma rana ɗaya aka rubuta su, sunan jarumi na canjawa tsakanin babi da babi. Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, na ba da somin-taɓi kyauta, karanta shi kaf kafin ka biya. Ka kuma binciki ko littafin kashi na ɗaya ne cikin jerin littattafai uku, domin wasu masu sayarwa da gangan suke ɓoye wannan.