Manhajar Merriam-Webster da takardar asibitin ƙanena

Daren da muka dawo daga asibiti da ƙanena ban rintsa ba, saboda kalma ɗaya da likita ya rubuta a takardarsa: manic. Ni wadda na sani ita ce maniac, wadda nake ji a finafinan Amurka idan ana maganar mutumin da ke bin jama'a da wuƙa. Harafi ɗaya ne ya raba su. Inna tana ta tambayata, "Yaya, me suka rubuta ne?" Na ce mata ta bari sai da safe.

Wajen ƙarfe biyu na sauke manhajar Merriam-Webster a waya, kyauta. Ƙamus ne na Amurka, tushensa aikin da Noah Webster ya fitar a 1828.

Ashe manic siffa ce, tana bayyana halin da ake kira mania: kuzari ya yi wa mutum yawa, barci ya ƙaura, magana ba tsayawa, tunani yana tsere. Yakan zo a ciwon da likitoci ke kira bipolar, wanda ke jujjuya mutum tsakanin wannan hali da tsananin damuwa. Ina karantawa ina ganin ƙanena a makonni biyun da suka wuce, yana kwana a tsaye, yana rabar da kuɗin shagonsa ga duk wanda ya gifta. Ciwo ne, kuma ana shan magani a kansa.

Maniac kuwa suna ne da ake laƙaba wa mutum, wato mahaukaci, wani lokacin ma wanda ya ƙwallafa rai kan abu kamar ƙwallo. Ba ita ce a takardar ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne muryar da ke furta kalma idan ka taɓa: ɗaya "manik", ɗaya "meniyak". Ta kuma nuna duka biyun daga Girkanci suka samo asali. Sai dai bayanin da Turanci yake, sai da na bi kalmomi uku kafin na gane ɗaya. Duk mai riƙe takardar asibiti da Turanci ya ajiye manhajar a wayarsa, amma ya koma wa likita da tambayoyinsa.

Bayan sallar asuba na zaunar da Inna na fassara mata. Ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya," ta tashi ta dama masa kunu.